Ranar da Aka Ƙwace wa Maman Kaneng Wuƙa

Duk wanda ya zauna a layinmu na Edmonton da ke Landan a shekarun nan da kuɗin man fetur ya fara hau wa 'yan Nijeriya ka, ya san Angelina matar Rwang. In bai san sunanta ba, to ya san kwanonta. Kwanon samira ne mai murfi, da zanen jan fure a gefe. Takan ɗaure shi da tsohon ɗankwali ta rungume a ƙirji kamar jaririn da za a kai awo. Da shi take hawa bas, da shi take zuwa dubiya asibiti. Har tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta taɓa shiga da shi, miya na bin gwiwar hannunta tun daga Seven Sisters har Charing Cross, don ta ji an ce matar wani akawu a ofishin jakadancinmu ta haihu. Ba ta san akawun ba, ba ta san matar ba. Ta dai ji an haihu.

Mu Maman Kaneng muke ce mata, da sunan 'yarta da ta baro a makarantar kwana a Gindiri. Gajera ce kakkaura, ga murya wadda in ta ɗaga waƙar Zumuntar Mata ta coci a kicin, Baturen gida na uku yakan rufe tagarsa a hankali, don kada a ce ya yi rashin kunya.

A wani ƙauye bayan Bukuru aka haife ta. Ubanta leburan kuza ne, ita ma ta ɗauki ƙasa a ka tun tana 'yar mitsitsiya. Da ta ga wuyanta na neman shigewa cikin kafaɗa, sai ta ajiye kwanon lebura ta kafa tukunyar gwate da kunu a bakin rami. A nan Rwang ya same ta. Lokacin yana ja wa wani safiyo igiyar awo, siriri kamar sandar awon, kuma sau uku yake zuwa shan kunu a wuni. Ita ta ce tausayi ne ya sa ta aure shi, wai in ba ta aure shi ba kunu zai kashe shi. Shi kuwa in aka tambaye shi sai ya gyara tabarau ya ce bai tuna ba. Ya yi ta karatu ta wasiƙa har ya zama ma'aikacin gwamnati a Jos, da kuɗin mai ya zo aka turo shi Landan kwas na shekara biyu, ya koyo zanen taswira.

A lokacin kowa da akwati wayam yake sauka Landan, ya koma da shi yana nishi: leshi, takalma masu tudu, rediyo mai faifai, agogon bango mai tsuntsu. Maman Kaneng kaɗai ce ta zo da akwati a cike. Acca ce a ciki, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da kwanon nan, da wata wuƙa mai ƙotar icce da maƙerin ƙauyensu ya ƙera mata ranar aurenta.

Abu biyu ya kamata a sani game da ita. Na farko, tana ciyar da duniya amma ba mai ganin ta ci. A kicin take ci, a tsaye, ta ba ƙofa baya. Cin abinci gaban baƙo ko gaban babba, a wurinta, daidai yake da fita ba zane. Safara'u, matar Malam Zailani mai karanta labarai a rediyo, wadda ke flat ɗin sama, ta sha faɗa cewa shekara guda suna gida ɗaya ba ta taɓa ganin loma ta shiga bakin Maman Kaneng ba, sai dai a ga jiki yana ta ƙaruwa kamar ana hura shi. Mutane na cewa bakin Safara'u ya yi yawa. Ƙarya suke mata, gaskiya ce kawai ba ta iya riƙewa.

Na biyu shi ne labarin Scholastica. Scholastica tela ce, 'yar ƙabilar Ibo, maƙwabciyarta a Bukuru. A shekarar sittin da shida da gari ya rikice, Angelina ta ɓoye ta a ɗakin gawayi kwana goma sha ɗaya. Kullum sai ta zuba tuwo a kwanon nan, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta yi gyaran murya, ta tura shi ciki, ta juya ta tafi. In ta dawo, kwano a suɗe tas. Daga baya ta ɗaura mata zanen Zumuntar Mata, ta riƙe hannunta har tashar jirgin ƙasa tana zazzaga mata faɗa da yarensu na Berom kamar ƙanwarta. Wannan ta yi shi, ba mai ƙwace mata, Allah ya saka mata. Amma tun daga nan ta ɗauka ta gama makarantar masu gudun yaƙi, har da satifiket.

"Wanda ya gudo, kunya ce ke cinsa kafin yunwa," haka takan ce. "Ki ajiye masa ki ba shi wuri. Kada ki tsaya masa a ka kina ƙirga masa loma. Lokacin Scholastica..."

"Mun ji, Maman Kaneng," in ji Safara'u. "Kwana goma sha ɗaya. Ko gawayin ma ya haddace labarin nan."

To a daminar saba'in da huɗu sai yaƙi ya tashi a tsibirin Saifurus. Mu ba mu san akwai ƙasa mai wannan suna ba sai da Malam Zailani ya karanta a rediyo, ya dawo gida ya sake karanta mana a kan matakala. Ya ce Girkawa da Turkawan tsibirin ne, kuma yawancin teloli da masu shagunan kayan miya na unguwarmu can ne garinsu. Ashe mai burodin da muke tsokana da mahaucin da muke sayen nama wurinsa 'yan ƙasa ɗaya ne, kowa ransa a ɓace. Kafin wata ya ƙare jirage sun fara sauke mutane da kayan jikinsu kawai. Masu dangi suka shige wurin dangi. Cocin Girkawa ya cika har bakin ƙofa, sai limaminsu mai dogon gemu ya bi coci-coci yana roƙon wuri.

Cocin su Angelina ƙarami ne, na jan bulo, a bayan Fore Street, amma yana da babban zaure a baya inda ake shan shayi bayan sujada. Fasto ya ce a buɗe. Aka jera gadajen soja ashirin da uku, aka ɗaura igiyoyi aka rataya barguna don kowa ya sami inda zai sauya kaya. Wata Baturiya mai suna Jane aka ɗora wa aikin. Shekararta talatin tana ciyar da 'yan makaranta kafin ta yi ritaya, nan da nan ta manna takarda a bango: wa zai dafa ran Litinin, wa zai wanke barguna, wa zai raka mutane ofishin council, wato ƙaramar hukuma. Mace ce mai kirki, sai dai ta yi imani babu ciwon da shayi da biskit ba sa warkarwa.

Angelina ba ta jira an sa sunanta a takarda ba. Ta haura sama aron babbar tukunyar Safara'u, wadda ake dafa abincin suna da ita.

"Da sharaɗi," in ji Safara'u. "In naman alade ya leƙa tukunyar nan, ko da ƙamshinsa ne, kin gaje ta, ni kuma na gaji kwanonki."

"Ke dai kawo, Amarya. Ni da na koya miki kunna gas, yau ni kike kafa wa sharaɗi?"

Cikin mutum ashirin da ukun nan akwai wata tsohuwa mai suna Marulla, baƙaƙen kaya daga ɗankwali har safa. Gadonta na daf da tagar da ake miƙo abinci daga kicin. Da matar ɗanta ta zo, Despina, mai jin Turanci kaɗan-kaɗan. Ɗan nata an kira shi soja ranar da yaƙi ya tashi, tun daga nan shiru. Despina ta sami ɗinki a wani shago a Tottenham, tana fita da safe ta dawo da yamma. Tsohuwa kuwa tana zaune a bakin gado, hannuwa a cinya, mabuɗin gidanta rataye a wuya. Kowa a zauren yana ci. Ita sai ruwa, sai ɗan ɓawon burodi in Despina ta yi kuka.

Jane ce ta fara gwadawa. Ta kawo faranti, ta tsaya a kanta ta ranƙwafa. "Cokali ɗaya kawai, dear. Ɗaya tak, don ni."

Angelina na kallo ta tagar kicin tana girgiza kai. Da Jane ta dawo da farantin yadda ta kai shi, sai ta ce, "Mama Jane, kin tsaya mata a ka. Ko ni ce ba zan ci ba. Bar min ita, na san irinsu."

Ta dafa acca mai laushi irin ta mai jego, da romon kaza ba barkono, abin da ya ƙona mata rai ƙwarai. Ta zuba a kwanon nan. Ta je gaban tsohuwa ta durƙusa har ƙasa, ta ajiye kwanon daidai ƙafafunta, ta ce, "Sannu Kaka, ga ɗan ruwan zafi." Ta miƙe ta ja bargo ta rufe wurin, har tana korar na kusa da hannu kamar mai korar kaji. Bayan awa guda ta dawo da murmushinta ɗaukar kwano. Yana nan da murfinsa, an ma ture shi da ƙafa ƙarƙashin gado.

Washegari shinkafa. Wanshekare faten dankali. Kullum a ƙasa, kullum ta ba ta wuri. Da ta ga ba a ci ba sai ta ce wurin ne bai isa ba, ta riƙa fita har waje ta tsaya cikin kaburburan coci tana duba agogo. A rana ta uku tsohuwa na hango ta ta juya fuska bango. A ta huɗu ta faɗi wata kalma da Girkanci wadda ta sa wani dattijo a gado na gaba ya sarƙe da shayi.

Ran Laraba likitan unguwa ya zo. Ya kama hannun tsohuwa, ya leƙa idonta, ya ja Jane da Despina gefe. Ya ce zai dawo ran Asabar ƙarfe biyu. In har lokacin ba ta fara ci ba, mota za ta zo ta kai ta asibiti, ɗakin tsofaffi, a yi mata ƙarin ruwa. Despina ta riƙe masa hannun riga. Ta ce a can ba mai jin yarenta, dubiya awa ɗaya ce a rana, ita kuma tana wurin ɗinki. "In kuka kai ta can, gawa za ku dawo min da ita. Me zan gaya wa mijina in ya zo?" Likita ya ce ya fahimta, amma ba zai bar ta ta mutu a kan gadon soja ba.

Da ya tafi, Jane ta shiga kicin ta yi ta goge teburin da ba datti. Can ta ce, "Mrs Rwang, kin yi ƙoƙari. Amma daga yau ki tsaya a nan ciki. Ganinki yana tayar mata da hankali."

Da la'asar Safara'u ta tarar da Angelina zaune a kan matakala, kwano a cinya. Ta buɗe baki za ta ce satifiket ɗin Bukuru ba ya aiki a Ingila, sai ta ga idon matar, ta haɗiye. Kun ga dai tana iya haɗiyewa in ta kama. Rwang ne ya leƙo daga ɗaki, fensir a bayan kunne.

"Maman Kaneng, watakila mutanen tsibiri ba kamar Scholastica suke ba."

"Baban Kaneng, yunwa kala biyu ce?"

Ya gyara tabarau ya koma kan taswirarsa.

Alhamis da Juma'a Angelina ta tsaya a kicin kamar yadda aka ce. Ba waƙa. Baturen gida na uku ma sai da ya tambaya ko lafiya.

Ran Asabar da safe, a hanyar coci, ta biya shagon wani Bagirke inda ta daɗe da gano ana sayar da gwaza. Ranar da ta fara ganin gwaza a Landan, mai shagon sai da ya ba ta kujera. Ta sayi manya guda shida don tuwon Rwang, ba don kowa ba. Ta isa kicin ɗin coci, ta ɗora ruwan shayi, ta ce kafin ya tafasa bari ta rage aikin gida. Ta juye gwaza a wurin wanke-wanke, ta buɗe famfo a kai, ta zaro wuƙarta ta Bukuru. Ta fere ta farko, ta wanke ta tas, ta yanyanka ta fala-fala cikin roba mai ruwa. Ta ɗauki ta biyu.

Sai ta ji numfashi a bayanta.

Tsohuwa ce a tagar miƙa abinci, ta dafe katako da hannu biyu, ido waje. Ba Angelina take kallo ba, robar take kallo, kamar ta ga ana yanka jikanta.

"Ohi!" ta ce. "Ohi, ohi, ohi!" Ko ba tafinta an san a'a ake nufi.

Matar da ta kwana goma sha biyu ba ta wuce bakin gado ba sai banɗaki, ita ce ta bi bango, ta zagayo ta ƙofa, ta shigo kicin. Ta rufe famfo. Ta kai wa Maman Kaneng mari a bayan hannu, tas! Ta ƙwace wuƙar.

"Kaka! Gwaza ce fa. Tun ina goye nake cin gwaza."

"Kolokasi!"

"Gwaza."

"Kolokasi!" Ta ture robar gefe da tsaki, irin tsakin da ko a Bukuru sai an juyo. Ta ɗauko wadda ruwa bai taɓa sosai ba ta fere. Ta zare tawul ɗin goge kofi daga kafaɗar Jane, wadda ta shigo da gudu jin ihu, ta goge gwazar da shi har ta bushe ƙarau. Sa'an nan ta soka tsinin wuƙa ta murɗa. Ƙas! Gutsure ya ɓalle. Ta sake sokawa ta murɗa. Ƙas! Ashe a garinsu gwaza ba ta ganin ruwa kuma ba a yanka ta, ɓalle ta ake yi, don kada ta yi yauƙi. Yauƙin da mu muke bi har kasuwar Lewisham muna nema, shi suke gudu.

Daga nan kicin ya tashi daga hannun Jane. Tsohuwa ta nuna kwalbar mai, ta nuna albasa, ta nuna tumatir. Ta matse hannu ta yamutsa fuska, aka gane lemun tsami. Ta zana wani dogon ganye a iska, Jane ta ce seleri, ta ɗauki jaka. Sai tsohuwa ta ɗaga hancinta da yatsa ta yi gurnani irin na alade. Angelina ta dafe ƙirji. Ta rungume tukunyar Safara'u, ta nuna sama, ta kai hannuwa biyu kunne kamar mai tayar da salla. Tsohuwa ta gyaɗa kai nan take, don a ƙauyensu gidan da ke jikin nata na Turkawa ne Musulmi. Ta buɗe hannuwa ta kaɗa kamar fiffike. Kaza ke nan. Haka Jane, wadda ta shekara talatin tana aiken mutane, ta fita da sauri aike wurin mahauci Baturke.

Jiri ya ɗebi tsohuwa, aka kawo mata kujera. Daga kan kujerar ta ci gaba da mulki da ludayi. A soya kaza. A kwashe. A soya gwaza har ta yi ja. Maman Kaneng, uwar girkin Zumuntar Mata ta Bukuru, ta koma 'yar aike, tana juya tukunya ana ƙwala mata ludayi a gwiwar hannu. Ta miƙa hannu za ta ɗauko barkono a jakarta, ludayi ya riga ta.

Wajen ƙarfe ɗaya Safara'u ta iso, wai ta zo duba lafiyar tukunyarta. Ƙamshi ya riga ya cika zauren. Mutanen da suka yi sati biyu suna cin wake na gwangwani sun taso daga gadajensu sun taru a taga, wata mata na share hawaye da gefen riga. Tsohuwa ta ɗebi romo a cokali ta kai baki ta ji gishiri. Jane ta matse hannun Angelina har ya yi shaida. Amma ɗanɗana gishiri ba ci ba ne, kowa ya san haka, kuma agogon bango ya nuna ɗaya da rabi.

Tsohuwa da kanta ta raba wa kowa, har Fasto. Da aka gama, Angelina, farin ciki ya cika ta, ta ce yanzu kam an zo wurin. Ta ɗauko kwanonta mai jan fure, ta zuba mai kyau, cinyar kaza a sama. Ta durƙusa gaban tsohuwa, ta ajiye a ƙasa daidai ƙafafunta, ta ce, "Sannu da aiki, Kaka." Ta miƙe za ta ba ta wuri.

Fuskar tsohuwa ta rufe kamar an ja ƙofar shago.

Despina, wadda shigowarta ke nan daga wurin ɗinki, ta tsaya da jaka a hannu. "Don Allah, Mrs," ta ce a hankali. "Ba a ƙasa ba."

Da guntun Turancinta ta yi bayani. A garinsu abin da aka ajiye a ƙasa aka juya baya na kare ne. Ko maroƙi ya zo, kujera ake ja masa a zauna da shi. Ita kuma wannan tsohuwa shekara arba'in ita ke girkin kowane biki a ƙauyensu, ba ta taɓa zama an kawo mata ba, ba ta taɓa ci ita kaɗai ba. "Ta ce kina ajiye mata kina gudu, kamar tana da cuta."

Angelina ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. "To me ya hana ki gaya min tun ranar farko?"

"Kun ba mu gado, kun ba mu abinci. Da wane baki?"

Ta sunkuya ta ɗauki kwanon da hannu biyu, ta goge gindinsa da zanenta, ta ɗora a kan tebur. Za ta ja da baya, sai ta ji an riƙe mata zane. Tsohuwa ta jawo kujera da ƙafa, ta nuna mata. Ta ɗauko cokali biyu ta soka a kwano ɗaya.

Maman Kaneng ta duba dama, mutum ashirin da wani abu. Ta duba hagu, ga Jane, ga Fasto da kwalarsa, ga Safara'u haƙora duk a waje.

"Ki gaya mata a wurinmu ba a ci gaban babba. Rashin kunya ne."

Despina ta faɗa. Tsohuwa ta amsa da kalma uku, ta naɗe hannuwa.

"Ta ce in ba ki ci ba, ba ta ci."

Biyu saura minti goma. Angelina ta zauna a bakin-bakin kujera kamar an ɗora ta kan ƙaya. Ta rufe ido ta fara addu'ar cin abinci da Berom. Ta gode wa Ubangiji don gwaza, ta gode don kaza, ta shiga yi wa Kaneng addu'a a Gindiri, ta nufi gwamnan jiharsu.

"Amin, Maman Kaneng, amin!" in ji Safara'u. "Likita na hanya. Sauran kya ƙarasa a bas."

Ta ɗebi cokali guda, ta ja gefen ɗankwali ta kare bakinta. Tsohuwa ta kama hannun ta sauke shi. Haka nan, a bainar jama'a, fuska a buɗe, gaban Fasto da kowa, loma ta shiga bakin Angelina matar Rwang. Ta tauna kamar amaryar da aka kai ɗaki jiya. Tsohuwa ta bi loman da ido har ta wuce maƙogwaro. Sa'an nan ta ɗauki nata cokalin, ta yi alamar gicciye, ta ci.

Ta ajiye cokali ta jira. Angelina ta ƙara. Ita ma ta ƙara. In wannan ta tsaya, waccan ta tsaya. A cokali na biyar Maman Kaneng ta manta da kunya ta ce, "Ai kuwa da daɗi, sai dai ba yauƙi." A na goma suna rigimar wa zai ci cinyar kaza, kowa na tura wa ɗaya.

Likita ya iso biyu da minti goma, ya tarar ana kankare gindin kwano da burodi. Ya kama hannun tsohuwa ya ƙirga bugun jininta, ya ce a bi a hankali, kaɗan-kaɗan sau biyar a rana. Kafin ya rufe baki an tura masa kujera da faranti. Jane ta fita ta buga waya, ta dawo tana fyace hanci ta ce an yi cancel ɗin mota.

Ran Litinin takardar bango ta canza. Talata, Alhamis da Asabar, girki: Marulla. A ƙarƙashi da ƙananan baƙaƙe: mataimakiya, Mrs Rwang. Safara'u ta sa Malam Zailani ya karanta mata wurin sau biyu da muryar rediyo.

Haka suka yi har sanyi ya shigo. Sau biyar a rana aka ce tsohuwa ta ci, kuma ba ta ci sai da abokiyar ci, don haka kafin Kirsimeti sai da aka buɗe wa Maman Kaneng rigunanta biyu. A watan Nuwamba wasiƙa ta zo, ɗan Marulla yana raye, yana wani sansanin tantuna kusa da garin Larnaka, can tsibirin. Council ta ba su flat a layi na biyu da namu. Kwanon jan fure ya kama zirga-zirga tsakanin gidajen biyu, ya tafi da acca ya dawo da ganyen inabi naɗe da shinkafa, bai taɓa dawowa wayam ba.

Rwang da ya ji labari wurin Safara'u, da ƙarin gishirin da ya dace, ya ajiye fensir ya ce, "Ashe kina cin abinci, Maman Kaneng? Shekara ashirin ina zaton iska kike sha." Tun daga ranar takan zauna da shi a tebur, amma ran Lahadi kawai, kuma sai an ja labule. Labarin Scholastica bai mutu ba, sai dai yanzu in ta kai ƙarshe takan ƙara da cewa, "Amma ki fara tambaya, ko mutanen tebur ne." Gwazarta ta gida kuwa har gobe wanke ta take yi, ta rufe ƙofar kicin tukuna.

Wuƙar ce dai ba ta dawo ba. Da kwas ɗin Rwang ya ƙare suna haɗa kaya za su koma Jos, ta je sallama ta tambaya, sau ɗaya, cikin ladabi. Marulla ta rungume ta, ta yi kuka, ta cika mata jaka da busasshen ɓaure. Sa'an nan ta sa Despina ta gaya mata cewa wuƙa tana nan lafiya, za a ba ta ranar da ta iya gyaran kolokasi.